Akwatin Baba Mai Kwalabe Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Baba ya koma ranar wata Litinin da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba, aka kai shi makwancinsa a Tasawa bayan la'asar. Makon jiya aka yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Na ga in ban zauna na rubuta abin da na sani ba, nan da ƴan shekaru jikokinsa ba za su san komai game da shi ba sai cewa wani tsoho ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwa.

A kwana ukun zaman makoki, kowa da irin Baban da ya zo da shi. Ladanin unguwarmu ya shigo har bakin ɗakin Inna, ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, sannan ya ba da wani labari da ko ita ba ta sani ba. Ya ce shekarar da Baba ya ɗaura wa masallaci lasifika, ɗaya daga cikin bakunanta ya fuskanci gidan wata tsohuwa da ta daɗe a kwance. Bayan kwana biyu sai ga Baba da tsani. Ya hau bai shawarci kowa ba, ya juya bakin ya kalli gonaki.

"Na ce mashi, yanzu mutanen wancan gehen ba su jin kirana," in ji ladan. "Yac ce mani, wanda ke da niyyar salla ko raɗa kay yi shina jin ka. Ka bar baiwar Allah ta samu barci."

Abokinsa tela, wanda shagonsa ke manne da na Baba shekara talatin da wani abu, ya kasa gaisuwar ma. Ya buɗe baki sai hawaye, ya share da hannun riga, ya ce yanzu wa zai riƙa miƙo hannu ta taga yana rage masa rediyo. Haka suke kullum. Tela ya ƙure, Baba ya miƙo hannu ya rage, tela ya yi masa tsiya, su sha shayi.

A rana ta uku wata dattijuwa ta zo daga Hawandawaki da rediyonta ƙunshe a tsumma. Ta tarar da shago a rufe, aka nuna mata gida, ta yi sallama ta shigo tsakiyar mata ba ta san abin da ake ciki ba. Da aka faɗa mata sai ta zauna daɓas, ta yi salati, ta dubi ƙunshin da ke cinyarta ta ce, "To ni yanzu wa za shi gyara mani?" Sai ta kama bakinta don kunya. Inna, wadda kwana uku ba mu ga haƙorinta ba, ita ta fara dariya.

Ni kuwa duk wadda ta zo gabana sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce ta Mayahi, mai magana a rediyo?" In na ce ni ce, sai ta yi ɗan murmushi kafin ta yi addu'a. Na san abin da suke tunawa. Rabin Tasawa sun san labarin, amma a gutsure suka san shi, gara in faɗe shi da kaina.

Ni ce ƴar farinsa. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, don ina ganin ƙannena suna saɓa ƴaƴansu na fari a kafaɗa har kasuwa. Su Baba ba haka suke ba. Kunyar ɗan fari suke yi: ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, in an yabe shi a gabansu sai su kau da kai kamar ba da su ake ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, ta tafi da ni Urafane ta riƙe ni har aure. Saboda haka a bakin Baba ba ni da wani suna sai "ɗiyar Yaya". Da na yi aure a Mayahi sai na samu ƙarin girma, na zama "mutanen Mayahi". In na zo gida na durƙusa na gaishe shi, zai amsa idonsa na kan abin da yake gyarawa, ya ce, "Mutanen Mayahi an zo lahiya?" Sai ka ce mota guda muka cika muka zo.

Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don duk abin da ya so ya ba ni ta hannun Gwaggo yake biyowa. Shekarar da na ci jarrabawar fita firamare, sai ga ƙaramar rediyo ta iso Urafane, wai tsaraba ce ya aiko wa yayarsa. Gwaggo ba ta ma san ta inda ake kunna ta ba. Ta juya ta sama da ƙasa, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, taki ce. Ubanki ya ɗauka ni sakarai ce."

A Maraɗi ya koyi gyara tun yana saurayi, zamanin da cikin rediyo kwalabe ne masu yin ja in sun ɗauki zafi. In aka kawo masa gyara ba ya saurin kwancewa. Sai ya kai hanci ya shinshina tukuna, ya kara a kunne ya girgiza, sannan ya tambayi mai ita ko ta faɗi. Kowa cewa yake ba ta faɗi ba, shi kuma sai ya ce, "To, ƙasa ce ta taso ta same ta." Abin da ya tsana a duniya shi ne ƙara. Yakan ce mai ƙure rediyo ba saurare yake ba, so yake a san yana da ita.

Na yi shekaru ina koyarwa kafin in samu aiki a gidan rediyon da ke watsa wa Mayahi da ƙauyukanta. Aka ba ni shirin ranar Alhamis bayan la'asar. Ina hira da mata manoma kan gero da wake da yadda za a adana su ƙwari ba su ci ba, a ƙarshe in karanta sanarwa: suna, ɗaurin aure, rasuwa, akuyar da ta ɓata. Tashar tamu ƙarama ce, da ƙyar take isa Tasawa. Ban yi wata guda da farawa ba sai ga wata doguwar gora ta tsaya a kan soron Baba, da ƙarfen kamo tasha a bisanta. Ya ce don labaran duniya ya kafa ta. Tela ya fito ya ɗaga kai ya dubi inda ƙarfen ya nuna, ya ce bai san labaran duniya sun koma Mayahi ba.

Kamo tasha ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce yadda dattijo kamarsa zai zauna muryar ƴar farinsa tana tashi a zaurensa, mai wucewa yana ji. A nan ne ya haɗa akwatin. Da katakon wata tsohuwar durowa ya yi shi, bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Ya dasa masa kwalabe biyu a sama, cikin waɗanda ya adana tun zamanin Maraɗi, ya ja masa wuta daga batirin mota da farantin sola ke cikawa. Waya ɗaya tana shiga daga ƴar rediyonsa, ɗaya tana fita zuwa lasifikar kunne irin mai rufe kunnuwa duka biyu, wadda yake kira kaski. A gaban akwatin akwai mamurɗi guda na ƙara sauti da rage shi. Tela ya tambaye shi me ya hana ya soka kaskin a jikin rediyon kai tsaye ya huta. Baba ya ce rediyon yanzu ƙanƙance murya take, ta mayar da babban mutum kamar sauro, amma kwalba tana barin murya da namanta.

Daga nan kowace Alhamis ciwon kai yake kama Baba da azahar. Ya rufe shago, ya dawo gida, ya yi la'asar, ya shimfiɗa buzu a zaure yana fuskantar bango, ya kunna kwalabe ya jira su yi ja, ya kifa kaski a kai. Inna takan kore jikoki zuwa bayan gida. Kowa ya san abin da yake ji, ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa, ni ma a bakin ƙannena mata na ji. Shekara bakwai ana haka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk Alhamis in na zauna gaban makirfo, bangon zauren nan nake gani da bayan wani tsoho, kuma shi nake yi wa magana.

Mamurɗin ne ya tona masa asiri. Irin na kasuwa ne, a cikinsa akwai wani siririn zobe baƙi da ɗan harshe ke gogawa in an murɗa. Baba kuwa kullum a can ƙasa yake ajiye shi, wajen da sauti ya fi ƙanƙanta, har wurin ya cinye. Sai ya zamana in ya rage, kunnen hagu ya ɗauke ɗif, na dama yana ƙarar-ƙarar kamar ana taka busasshen kara. In yana son kunnuwa biyu su kawo sai ya murɗa sama, in ya murɗa sama kuma sautin ya yi yawa har ya tsiyayo ta gefen kaskin. Ya ciro mamurɗi biyu daga matattun rediyo ya gwada, duk halinsu ɗaya. Shi da kaski a kai bai san iyakar abin da ke fita ba.

Wata Alhamis Gwaggo ta sauka daga motar Urafane ba ta aiko ba. Ta tarar da tela da wasu dattawa biyu a dakalin ƙofar gida suna jiran Baba ya fito, kowa ya yi kamar bai ji komai ba. Ita Gwaggo ba ta iya wannan ba, abin da ta gani shi take faɗa. Ta tsaya a bakin zaure ta karkata kai, ta ji ni ina bayanin toka da wake, sai ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ashe muryar ɗiyata ce ke hita daga kunnenka? Kai mai rediyo, wannan ne ciwon kan naka?"

Dattawan suka kasa riƙewa, suka fashe da dariya, tela har da buga ƙafa. Inna ta ce Baba ko waiwayowa bai yi ba. Ya cire kaskin, ya kashe kwalabe, ya jira suka huce, ya naɗe akwatin a tsohon rawani ya tura ƙarƙashin gado. Washegari da safe ya sauke gorar.

Wata huɗu bai taka Urafane ba, shi da ba ya haɗa Juma'a uku bai je gaida yayarsa ba. Gwaggo ta ce ita ba ta ga laifinta ba, ƙarya ta yi? Ta ce tun yana yaro haka yake, in an kama shi da hannu a tukunya sai ya yi fushi da miya. Shi kuma in an ambace ta sai ya ce Yaya tana da baki, Allah Ya ƙara mata lafiyar amfani da shi.

Na zo gida na ga soro babu gora. Na ji haushin Gwaggo, na ji haushin tela, na ji haushin Baba ma, da girman kansa da kunyarsa duka. Shekara bakwai ina da uba ranar Alhamis, yanzu an karɓe. Aiki ya fita raina. Ina karanta takarda kamar mai biya allo, har abokan aiki suka fara tambaya ko lafiya. Ga shi ba halin in je in ce, Baba don Allah ka ci gaba da saurarena. Da na faɗi haka, da ya bar zauren ma gaba ɗaya.

Wajen tela na je, tunda yana cikin waɗanda suka yi dariyar. Ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa ya ce shi ma abin yana damunsa, don tun ranar Baba bai sake rage masa rediyo ba. Shi ya bayyana mini ciwon mamurɗin, yadda Baba ya sha yi masa ƙorafi a kai. Da na koma Mayahi na tambayi mai kula da injunan tasharmu, wani dattijo marar son magana, na ce akwatin wani ne a garinmu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da wani makunni da ya ciro daga tsohon injin da aka daina aiki da shi. Wannan ba ya sulɓi, hawa-hawa yake tafiya, hawa goma sha biyu, kowane da ɗan ƙas ɗinsa. Ya haɗa mini da ƙullin ƴan ƙwayoyin nan masu zanen launi da ke rage ƙarfin wuta, waɗanda suke kira rezistans. Ya ce a kowane hawa a liƙa biyu masu ƙarfi ɗaya, guda na kunnen dama guda na hagu, to ko a can ƙasa aka ajiye shi kunnuwa biyu za su zo daidai. Ya ƙara da cewa mai akwatin zai gane, ba sai an yi masa bayani ba.

Saura yadda zai isa hannunsa. Na ɗauki ƙullin na tafi Urafane na ajiye a gaban Gwaggo, na ce ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ta yi mini faɗa son ranta, ta ce ta raine ni na girma na zo ina aikenta. Da gari ya waye na ga ta ɗaura sabon zane tana neman takalmi.

Yadda Inna ta ba ni labari, Gwaggo ta shiga zaure ta jefa ƙullin kan buzu ta ce, "Wanga tarkace ne anka ce za a zubar. Na ce a'a, ina da ƙane mai tara shara." Baba bai taɓa shi ba sai da ta shiga cikin gida. Kwana shida ƙullin yana kan taga, kullum Inna tana ganin an sake masa ɗauri. A na bakwai gorar ta koma kan soro, wai labaran duniya sun yi zafi.

Ana haka matar ƙanena ta haihu, na ɗauki shirin Alhamis ɗin a faifai tun Talata na bar musu, na taho suna. Gwaggo ma ta zo. Ranar Alhamis da hantsi, washegarin suna, muna tsakar gida muna wanke-wanke sai muka ji muryar Baba daga zaure.

"Yaya, cikin mutanenki akwai mai idon karanta ƙananan lambobi?"

Gwaggo ta dube ni ta ce in wanke hannu.

Mun same shi ya baje komai a kan tabarma: akwatin a buɗe, kaskon gawayi da ƙarfen liƙi a ciki, zaren dalma, ma'auninsa mai allura, da ƴan ƙwayoyin a cikin murfin kwano. Idonsa ya riga ya yi rauni a lokacin. Gwaggo ta zauna a tsakiya ta jingina da bango, ni a gefe guda shi a gefe guda, tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba.

"Yaya, a ce a ɗora wannan bisa ma'auni a hwaɗi lamba."

"Kin ji," in ji Gwaggo. "Ubanki ya makance, ya ce ki taimaka mashi don Allah."

"Ban ce haka ba."

"Haka na ji."

Na ɗora na faɗi lamba da Hausa, ya karkato kunne kamar bai ji ba. Na sake faɗa da Faransanci, yadda maigidansa na Maraɗi ya koya masa, sai ya gyaɗa kai. Ashe ƙwayoyin da zanensu yake iri ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Sai mun auna biyar ko shida kafin mu samu biyu da suka yi daidai, ya ajiye su gefe a kan ɗan tsumma, ya ce wa Gwaggo waɗannan tagwaye ne. Waɗanda suka saɓa kuwa ya ture su yana cewa ƴan uba ne, ba za su zauna hawa ɗaya ba. Tagwaye goma sha biyu muke nema, sai da rana ta take muka cika su.

Da aka zo liƙi ni ce mai riƙe ƙafar ƙwaya da ɗan awartaki, shi yana kawo ƙarfe da dalma. Zauren ya cika da ƙamshin ƙaron da ke cikin zaren dalma. Tun ina yarinya nake jin wannan ƙamshin a rigarsa in ya wuce, ban taɓa zama kusa da inda yake tashi ba sai ranar. Wajen hawa na huɗu Gwaggo ta daina isar da saƙo, kanta ya langaɓe, ta fara minshari a hankali. Baba bai fasa ba. "Yaya, a ɗan karkata hagu." Na karkata. "Yaya, a riƙe da kyau, kar a motsa." Na riƙe. Can ɗigon dalma ya faɗo mini a yatsa, na ja iska ta haƙora ban saki ba. Ya dakata, ƙarfen yana hannunsa, ya dubi yatsan, ya dubi yayarsa da ke barci.

"Yaya," ya ce, "sannu."

Na ce, "Yauwa, Baba."

Bayan azahar muka gama. Ya mayar da murfi, ya ɗaure sabon makunnin a gurbin tsohon, ya kunna kwalabe muka zauna muna kallonsu har suka yi ja. Ya kamo wata tasha, ya ajiye kaskin a tabarma ya turo shi gabana da bayan hannu. Na kifa a kai. Ya murɗa, ƙas, hawa na ɗaya, sai na ji mutum yana magana can ƙasa-ƙasa a tsakiyar kaina, ba dama ba hagu ba. Ƙas, na biyu. Ƙas, na uku. Babu ƙarar kara, babu kunnen da ya ɗauke. Ya matso da kunnensa kusa da kaskin don ya ji ko wani abu na fita, bai ji komai ba.

"Yaya, dama da hagu hwa?"

"Daidai suke, Baba."

"Madalla."

Aka kira la'asar ya tafi masallaci, ni ma na shiga na yi tawa. Na dawo don in kwashe kaskon gawayi sai na tarar ya riga ni, yana kan buzu yana juya rediyo wajen tasharmu. Na san lokacin shirina ya yi. Na ɗauki kaskon da sauri zan ba shi wuri.

"Yaya, ba a gama gwaji ba," ya ce. "Kowa shi zamna inda yake."

Na zauna. Wannan karon bai juya wa ƙofa baya ba. Ya kifa kaskin, ya murɗa zuwa hawa na uku, ya lumshe ido. Rabin sa'a ina zaune ina kallon mahaifina yana saurarena, ni ba na jin ko kalma ɗaya. Na san shirin da ka, don haka ina bin sa a fuskarsa. Inda wata tsohuwa ta ba ni amsa mai ban dariya na ga gemunsa ya motsa. Inda na yi tuntuɓen harshe na ga ya ɗan yamutsa goshi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rabin sa'ar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin tata ba.

Da aka gama ya cire kaskin ya ɗora a gwiwa, ya yi gyaran murya.

"Yaya, in kin ga mutanen Mayahi ki hwaɗa masu aikin ya yi." Ya shafa kaskin. "Sai dai wajen sanarwar rasuwa ana sauri. Mutum ya yi shekara saba'in a duniya, a ba sunanshi numfashi guda mana. Wani yana gona, kahin shi aje hauya shi saurara an wuce, bai san ko nashi ne ba."

Gwaggo ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ta ji."

Baba ya ce ashe Yaya ba barci take ba. Ta ce wa zai yi barci ana ƙona mata ɗiya. A nan suka dasa sabuwar rigima, na kwashi kaskona na bar su, ina jin shi yana cewa Juma'a mai zuwa yana nan tafe Urafane, ta tanadi fura.

Shekara uku ya ƙara bayan wannan, kuma shekaru ne masu daɗi. Bai fasa ce mini mutanen Mayahi ba, ni ma ban so ya fasa ba. Ciwon kan Alhamis ya dawo, tela ya samu mai rage masa rediyo. Lokaci-lokaci saƙo yakan biyo ta Urafane: wai an ce wa mutanen Mayahi hirar masu sayar da garin kuka ta yi tsawo, ko wai ta masu awara ta yi kyau. Ni kuwa tun ranar na sauya yadda nake karanta rasuwa, har abokan aiki suka koya. Akwatin yana ɗakin Inna yanzu tana takaba da shi. Ta ce ita ba ta iya kaski ba, yana matse mata ɗankwali, amma ƙanwata ta ce ranar Alhamis ba a samunta bayan la'asar.

Ranar Asabar kafin rasuwarsa na je duba shi na ga ya ji sauƙi, har ya sha kunu da kansa. Ya ce wa bango mutanen Mayahi su koma bakin aiki, ba a barin aiki don tsoho yana tari. Na koma. Litinin da hantsi ina ofis ƙanena ya kira ni. Kafin in dawo hayyacina maigidana ya samo mota, wani abokin aiki kuma ya rubuta sanarwa don mutanen ƙauyuka su samu jana'iza. Ya ce in tafi kawai, shi zai karanta.

Na kai bakin ƙofa na dawo na ce ya ba ni takardar.

Tun da na fara magana a duniya ban taɓa furta sunan Baba ba. Ko a makaranta in an tambaya rubutawa nake, in na haɗu da mai irin sunan sai in ce masa mai sunan Baba. Na shiga na zauna gaban makirfo, dattijon injuna ya dube ni ta gilashi ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu. Na yi sallama, na ce daga Tasawa ake sanar da rasuwa. Sai na faɗi sunan, da na mahaifinsa, da sana'arsa, a hankali. Na tsaya na ja numfashi har na tabbata wanda ke gona ya samu ya ajiye hauya, sannan na sake faɗa. Ashe suna ne mai daɗi a baki, ban sani ba sai ranar.

Allah Ya jiƙan mai shi, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Na faɗi lokacin jana'iza, na ninke takardar, na fita wajen motar da ke jirana.